Ɗan kokowa ko mawaƙi a tallar faɗakarwa: yana rage cikin ƙuruciya a Maraɗi?

Malamin_Lakwal: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma ina son ma'aikatan likita da masu aikin rediyo su amsa da hujja. Duk sanda wata ƙungiya ta samu kuɗin faɗakarwa kan cikin ƙuruciya da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, abin da take fara nema shi ne fitaccen mutum: mawaƙi, ɗan wasan Hausa ko ɗan kokowa. A ɗauki hotonsa a kafa allo bakin tasha, a sa muryarsa a rediyo wata biyu, kuɗi su ƙare, rana ta cinye hoton. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cikin ƴan mata 100 masu shekara 15 zuwa 19 a Nijar, wajen 40 sun haihu ko suna da cikin fari. To wannan talla tana taɓa wannan adadi kuwa, ko dai kuɗin sun fi amfani in an zuba su wani wuri?

Inna_Ungozoma: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi maganar wa zai yi talla, a fara sanin wa ake yi wa ita. A jihar Maraɗi yawancin cikin ƙuruciya ba na waje ba ne, na ɗakin aure ne. Wancan binciken na 2012 ya ce kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kafin shekara 15, a Maraɗi kuwa abin ya kai kashi 89. Yarinyar da aka kai ɗaki tana da 14 ba ita ke yanke shawarar yaushe za ta ɗauki ciki ba. Miji ne, da uwar miji, da ƴan uwan da ke ƙirga mata watanni tun daga ranar buɗar kai. Tallar da aka kwaso daga wata ƙasa, inda mawaƙi ke ce wa budurwa ta kama kanta, ta wuce ta saman kan wannan yarinya gaba ɗaya.

MasoyinKokowa: Amma Inna, an taɓa yin wadda ta ci a ƙasar nan. Ƙungiyar Animas-Sutura da ta fito da kororon roba mai suna Foula ta ɗauki Balla Harouna, sarkin kokowa, ya tsaya mata. Ku duba dabarar: sunan kansa fula ne, abin da kowa ya sani yana kare kai daga rana. Sannan ɗan kokowa ba wanda dattijo zai kira ɗan iska, don takobin ƙasa abin alfahari ne har wajen mai gari da liman. Ranar da ake karawa a filin kokowa na Kantu a Maraɗi, ko mai shayi rediyonsa na kunne. Kafin nan sunan abin ma ba ya faɗuwa a bakin mutum mai kunya, daga baya ya zama ana iya cewa "ba ni fula" a wuce.

MaiRediyo: Gaskiya ne, sai dai ka faɗi rabi. Ba fuskar ɗan kokowa kaɗai ta yi aikin ba. An haɗa da gajerun wasannin rediyo cikin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, aka riƙa tattauna su a fada-fada, wato majalisun hirar samari, da taron mata, kuma kayan suna nan a teburin mai kanti na unguwa. Ƙafa uku ke nan kamar murhu. Cire ɗaya tukunya ta kife.

Tunda Malam ya nemi hujja, ga yadda ake gina saƙon da ke aiki. Na farko, saƙo ɗaya tak, cikin daƙiƙa 45 zuwa 60. In ka cusa sida (ƙanjamau) da auren wuri da tazarar haihuwa da karatun ƴan mata a talla guda, mai saurare ba zai riƙe ko ɗaya ba. Na biyu, ya ƙare da abin da za a yi da inda za a yi shi: "ku je CSI (likitar gwamnati ta unguwa ko ƙauye) mafi kusa, awo da maganin tazara kyauta ne." Ba "mu kula da kanmu" ba, wannan ba umarni ba ne, addu'a ce. Na uku, kafin a watsa a gwada shi ga rukuni huɗu daban-daban, mutum 8 zuwa 10 kowanne: ƴan mata su kaɗai, samari, iyaye mata, sai dattawa da malamai. A kunna sau biyu, a tambaye su me suka ji an ce, wace kalma ta yi musu nauyi. In dattawa suka ce ba za su iya sauraren wannan gaban ƴaƴansu ba, a sake rubutu, don a gida rediyo hannun maigida yake, shi ke murɗa shi. Na huɗu lokaci: mata sun fi samuwa da hantsi da bayan isha'i, manoma da damina sai dare. Kuma Hausar ta zama ta nan. Mutumin Dakoro ko Mayayi yana jin an yi masa Hausar allo zai san ba da shi ake ba.

Malam_na_Zaure: Ina da gyara, kuma don Allah a fahimce ni. Allah ya ce kada ku kusanci zina, a Suratul Isra'i aya ta 32. Tallar da za ta nuna wa saurayi da budurwa cewa matsalar kawai ciki ne ko cuta, in an kauce musu shi ke nan, ba za mu goyi bayanta ba ko wa ya yi ta. Amma tazara tsakanin ma'aurata wani abu ne daban. Hadisin Jabir ya tabbata cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka, kuma Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Haka nan hadisi ya ce ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta. Waɗannan maganganu namu ne, ba baƙi ba ne. Abin da ke ɓata lamari shi ne a gama tsara talla a ofis, a ɗauko mawaƙin da iyaye ba su yarda da tarbiyyarsa ba, sannan a zo wa malamai da ita ranar buɗewa a ce su sa albarka.

Inna_Ungozoma: Allah gafarta Malam, a kan wannan muna tare. Abin da muke roƙo a wajenku shi ne huɗuba ta riƙa faɗin abin da ke faruwa ga jikin yarinya. Ƙugun ƴar shekara 14 ko 15 bai gama buɗewa ba. In kan jariri ya kasa wucewa, naƙuda ta yi kwana biyu ko uku a gida, kan yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Bayan ƴan kwanaki sai ya ɓule, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan, kuma galibi jaririn ma ba a samunsa da rai. Cibiyar Danja da ke kudu da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012, aikin ɗinke wannan take yi. Ban da shi akwai jijjiga, wadda ta fi kama masu cikin fari ƙanana: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Duk mai ciki da ta ga ɗaya daga ciki, a kai ta likita a ranar, ba a jira gobe ba, ba a tsaya hayaƙi ba. Naƙuda kuma in ta wuce awa 12, a tashi.

DanFada_Bagalam: Ni dai a ce min, wa ke kallon allo? Matasa na kan WhatsApp da TikTok. Mawaƙi ɗaya ya yi bidiyon daƙiƙa 30 ya fi allo goma.

MaiRediyo: Ƙanena, a cikin gari haka ne. Amma yarinyar da Inna ke magana a kanta tana ƙauyen Gidan Runji ko Madarunfa, ba ta da waya, in ma akwai a gidan ta miji ce. Bidiyon zai kai ga samarin fada, kuma su ma ana buƙatarsu, sai dai kada a auna nasara da yawan waɗanda suka kalla.

MaiFarmasi: Tunda an zo kan samari, bari in faɗi abin da tauraro ba ya iya faɗa a talla, kuma nan ne ake samun matsala. Kororon roba in an yi amfani da shi daidai kowane lokaci, mata 2 cikin 100 ke ɗaukar ciki a shekara. Yadda mutane ke yi a zahiri kuwa, wajen 13 ne. Bambancin duk kuskure ne da ake iya gyarawa. Zafi na lalata roba: wanda aka ajiye ƙarƙashin sirdin babur, ko a aljihun baya wata da watanni, ko a teburin da rana ke duka a watan Afrilu, ya riga ya gaji. A duba kwanan watan lalacewa, a matsa fakitin a ji iska a ciki, in ya lafe a yar. Ba a yagewa da haƙori ko reza. A matse kan don fitar da iska kafin a warware, a sa tun farko ba tsakiya ba, a riƙe gindin lokacin fita. Ba a sa biyu a haɗe, gogayya ke fasa su. Man shafawa, man gyaɗa, man kaɗe da Vaseline duk suna cin roba cikin mintoci, mai ruwa-ruwa na farmasi kawai ake sawa. Sau ɗaya ake amfani da shi. Kuma a sani, ƙwaya da allura da ashanar hannu (wadda ake sawa ƙarƙashin fatar dantse) suna hana ciki ne kawai, ba sa hana sida ko ciwon sanyi ko tunjere. Wannan bayani na ma'aurata ne ma, musamman inda ɗaya ke ɗauke da cuta, ko maigida mai yawan tafiye-tafiye.

Baba_Dattijo: Wannan bayani a zauren da yara ke ciki? Ku ji tsoron Allah. Da can kaka da gwaggo ke yi wa yarinya wannan magana a ɗaki, ba a kasuwa ba.

Hajiya_Zariya: Baba, a yi haƙuri, maganarka gaskiya ce game da da. Amma yau gwaggon tana Yamai, kakar ta rasu, yarinyar kuma tana ɗaukar tallar goro zuwa tasha tun tana shekara 10, ta dawo bayan magariba. In ba mu faɗa ba akwai masu faɗa mata, kuma ba alheri suke nufi ba. Ni abin da nake so a tallar nan shi ne a yi wa iyaye magana. A samu wata babbar ƴar wasa da ake girmamawa, mai shekaru, ta nuna yadda uwa ke zaunar da ɗiyarta kafin jinin farko, ta gaya mata cewa daga ranar ciki na iya shiga ko da sau ɗaya ne, ta gaya mata wanda duk ya taɓa ta ta zo ta faɗa ba za a doke ta ba. Iyaye da yawa suna so, bakin farawa ne ba su da shi.

Baba_Dattijo: In haka ne Hajiya, ban ƙi ba. Uwa da ɗiyarta daban, lasifika daban.

Likitan_Karkara: In koma kan tambayar Malamin_Lakwal. Abin da aka gani a wurare da yawa shi ne tauraro na saurin ɗaga sani da sa mutane magana, amma sauya hali sai an haɗa da wurin zuwa. Misalin da kowa ya sani, Magic Johnson, ɗan ƙwallon kwando na Amurka: da ya bayyana a Nuwamban 1991 cewa yana ɗauke da ƙwayar sida, masu zuwa gwaji suka ƙaru sosai a can. Dalili biyu ne, maganar jikinsa ya yi ba takarda aka ba shi ya karanta ba, kuma wuraren gwajin suna nan a buɗe. A Najeriya a 1989 King Sunny Ade da Onyeka Onwenu sun yi waƙoƙi kan haƙuri kafin aure da tsarin iyali, aka haɗa su da hukumar da ke ba da hidimar.

Akwai kuma inda abin ya juya. A Amurka gidauniyar Candie's ta ɗauki Bristol Palin a 2009 jakadiyar yaƙi da cikin ƙuruciya, bayan ta haihu tana shekara 18. Da takardun haraji suka fito aka ga an biya ta dalar Amurka 262,500 a shekarar, sai magana ta bar kan ƴan mata ta koma kan kuɗin. Darasin da ke ciki gare mu: duk abin da ya sami tauraro ya sami saƙon. Don haka kada a rataya kamfe a wuyan mutum ɗaya, a ɗauki uku ko huɗu masu jama'a daban-daban. A zaunar da su kwana biyu tare da ungozoma su koyi abin, don ranar da ɗan jarida ya tare su ba takarda a hannu kada su ce allura na hana haihuwa har abada. A rubuta a yarjejeniya abin da za a yi in wani abin kunya ya taso. Kuɗin tauraro kuma kada su fi na kaya da ma'aikata.

Inna_Ungozoma: Likita ya taɓo allura, bari in ƙarasa, don ita ce jita-jitar da ta fi hana amare zuwa. Allurar wata uku, ko Depo ko Sayana Press, ana maimaita ta duk mako 13. Tana iya rikita al'ada, ɗigo-ɗigo a farko, daga baya wasu jinin ya ɗauke gaba ɗaya. Ba taruwa yake a ciki ba, mahaifa ce ba ta tara shi ba. Bayan an daina, ciki na iya jinkiri wasu watanni, wani lokaci har shekara, amma yana zuwa. Ashanar hannu: Implanon ɗaya ce, shekara 3, Jadelle biyu ce, shekara 5, ana cirewa duk ranar da mace ta so, haihuwa ta dawo nan da nan, kuma ba ta tafiya zuciya. Mai shan maganin tarin fuka na rifampisin ta faɗa wa ma'aikaciya, don yana rage ƙarfin ashana da ƙwaya. Shayarwa kuma tana karewa ne da sharaɗi uku a haɗe: jariri bai kai wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, nono zalla dare da rana ba ruwa ba kunu. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi, nan ne ake samun kwanika. Shawarar hukumar lafiya ta duniya ita ce cikin fari ya jira shekara 18, kuma a bar wata 24 bayan haihuwa kafin wani. Duk wannan ba ya shiga talla ta minti ɗaya. Aikin talla ta kawo su ƙofa, sauran namu ne.

ƳarLise: Inna, ku gafarce ni, ƙofar ce matsalar. Yarinya ta ji talla ta yi ƙarfin hali ta je. Benci ɗaya ne a baranda, na masu awo da na masu tazara. Tana zama sai ga maƙwabciyarsu da katin awo a hannu tana kallonta daga sama har ƙasa. Aka kira suna da ƙarfi, ƙofar ɗakin a buɗe, tambayar farko "ina mijinki?" Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Ko amarya ce mai aure ba za ta koma ba, balle wadda aka yi wa fyaɗe.

Inna_Ungozoma: Ɗiyata, ba ki faɗi ƙarya ba, kuma gyaran ba ya cin kuɗin allo ɗaya. Labule da ƙofa a rufe, kira da lamba ba da suna ba, awa biyu da yamma bayan an tashi lakwal, da ma'aikaciyar da aka horar ta san sirrin mara lafiya amana ne.

Likitan_Karkara: Tunda an ambaci fyaɗe, kowa ya riƙe wannan adadi: awa 72. Cikin awa 72 ake fara maganin kariya daga sida, a sha kwana 28 ba fashi. Ƙwayar gaggawa ta hana ciki, levonorgestrel miligiram 1.5, ta fi aiki cikin waɗannan awowi, ana iya ba da ita har kwana 5 amma ƙarfinta na raguwa. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, jinkirta fitar ƙwai take yi. In an yi amai cikin awa 2 a sake sha, in al'ada ta yi jinkirin fiye da mako a yi gwaji. Gwajin sida na ranar farko ba ya nuna sabon kamu, sai an maimaita har zuwa wata 3. Abin da ke faruwa shi ne iyali su kwashe kwana huɗu suna shawara tsakanin gidan mai unguwa da gidan yaron, lokacin magani ya wuce. A fara kai ta likita, sauran magana ta biyo baya. Da za a samu ɗan kokowa ya riƙa faɗin "kwana uku" kawai a rediyo, da ya yi babban aiki.

MasoyinKokowa: To ka ga mun dawo wajena. Maza ke yanke hukunci a gida, maza kuma ɗan kokowa suke saurare.

Hajiya_Zariya: Suna saurarensa kan kokowa. Kan ɗiyarsu kuwa liman da mai gari da abokin zama suke ji. Shi ya sa makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram tare da UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, ta yi tasiri: magidanta ne na gari, waɗanda aka san su da riƙon iyali, suke zama su tattauna su kuma bi ƴan uwansu maza da magana. Ba wanda ya san su a talabijin, amma a ƙauyensu su ne fitattu.

Malamin_Lakwal: Na gode ƙwarai. Abu ɗaya ba a taɓo ba, lakwal. Yarinyar da ta wuce CM2, ajin ƙarshe na firamare, ta shiga kwaleji ta zauna, aurenta da cikinta na farko suna ja baya da kansu. Akwai dokar Disamban 2017 ta kare karatun ƴa mace, akwai kuma umarnin 2019 da ya ba wadda ta yi aure ko ta samu ciki damar ci gaba da karatu. Iyaye da yawa ba su taɓa jin su ba, har da wasu shugabannin makarantu. Wannan saƙo ne da tauraro zai iya ɗauka ba tare da ya ɓata wa kowa ba. Sai dai inda kwalejin ke nesa da ƙauye, ba gidan da za a ajiye yarinya, uba zai ce gara aure da a bar ta hannun da bai sani ba, kuma waƙa ba ta amsa masa wannan.

MaiRediyo: Malam, game da ko kuɗin na biya, akwai hanyar sani mai sauƙi da ba a cika bi ba. A ɗauki rajistar CSI biyar inda rediyon ke kaiwa da biyar inda ba ya kaiwa. A ƙirga ƴan ƙasa da shekara 20 da suka zo awon fari kafin wata huɗu, da sababbin masu tazara, da masu gwaji, wata uku kafin talla da wata uku bayanta, a kuma lura da damina don zuwa likita na raguwa lokacin noma. A ƙara tambaya ɗaya a bakin ƙofa: a ina kika ji? Kafin a watsa komai kuma a leƙa ma'ajiya, don in mata suka zo aka ce allura ta ƙare sai wata mai zuwa, tallar ta zama abin da za a riƙa yi wa ma'aikata gori da shi.

DanFada_Bagalam: Yaya MaiRediyo, in za a gwada saƙon ga samari a zo fada da dare bayan an ɗora shayi, kada a kira mu ofis. A ofis kowa "to" zai ce.

Malam_na_Zaure: Mu kuma a kawo mana rubutun tun yana takarda, kafin a ɗauki murya. Inna_Ungozoma, ki turo mini alamomin jijjigar nan da na doguwar naƙuda a rubuce, akwai karatun magidanta ranar Asabar bayan la'asar.